Lacca ga masu ƙananan a-kori-kura kan gyaran mota da hannunka

Wani dattijon bakanike ne ya yi wannan lacca ga direbobi da masu ƙananan motocin ɗaukar kaya a Kano. An naɗe ta a waya, aka mayar da ita rubutu, an rage maimaici kaɗan.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, ranka ya daɗe, na gode da wannan gayyata. Iyayenmu da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara girma. Yaran mota da na hango can baya a tsaye, ku matso kusa, maganar nan ta fi shafarku, don ku ne ke zuba ruwa da safe, ku ne ke ɗaure kaya.

Lokacin da aka kai ni gareji koyon aiki, Peugeot ce ke riƙe da hanya, 404 da 504 a-kori-kura, waɗanda a lokacin ake haɗawa a kamfaninsu na Kaduna da aka buɗe a 1975. Ka ɗaga bonet ka ga komai a fili, hannunka ya kai ko'ina. Yau kuma abin da ya cika Dawanau da 'Yankaba da Singa shi ne Daihatsu Hijet da Suzuki Carry. Su nake so mu yi magana a kansu, ko da yake mai Hilux ma zai tsinci abin da zai amfane shi.

Ku fara sanin wace ce motar da kuke tuƙawa. A Japan aka ƙera ta, a ƙarƙashin dokar da ta ware wa ƙananan motoci aji nasu. Tun 1990 dokar ta tsayar da girman injinsu a sisi 660, sisi (cc) kuwa shi ne ma'aunin girman cikin inji. Babur ɗin Boxer da ɗan acaɓa ke hawa sisi 100 ne, kun ga injin motarku bai kai Boxer bakwai ba. Silinda uku gare shi, yana kwance a ƙarƙashin kujerar da kake zaune. Nauyin da aka yarda ta ɗauka a can kilo 350 ne. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 7 ke nan. Masara kuwa buhu uku da rabi. To, tsakani da Allah, waye a cikinmu yake tashi daga Dawanau da buhu uku da rabi? Na san dalili. Na san kuɗin fetur, na san balas ɗin mai mota, na san in ka ƙi lodin wani zai ɗauka. Ban zo in yi muku faɗa ba. Ina so ne ku riƙe a ranku cewa wannan inji kullum yana aiki sama da ƙarfinsa, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Inji irin wannan ba ya ɗaukar sakaci ko kaɗan.

Abin da ya fi cinye kuɗinku, a abin da na gani shekara da shekaru, sayen kaya ne kafin a gano ciwo. Mota ta ƙi tashi, wani ya ce batir ne, a sayo batir. Ta ƙi, wani ya ce kik ne, wato abin da ke juya inji in ka murɗa makulli, a kwance kik. Daga ƙarshe a tarar wata waya ce ta yi tsatsa. Motar tana faɗa maka abin da ke damunta, in ka tsaya ka saurara kafin ka ɗauki sufana.

Mu ɗauki safiyar da ta ƙi tashi. Ka murɗa makulli, ka kasa kunne. In ka ji ƙas guda ɗaya, ko ƙas-ƙas-ƙas a jere, inji bai juya ba, matsalar wuta ce. Kunna fitilar gaba, ka sa yaronka ya tsaya ya kalla, ka sake murɗawa. In fitilar ta dusashe kamar za ta mutu, ko batir ya yi sanyi ko kawunansa ba su kama da kyau ba. Je ka duba kan batir. Wannan farin gari mai ɗan kore-kore da ke taruwa a kai, shi ke hana wuta wucewa. Ka kwance kan da ke da alamar ragewa tukuna, kullum shi ne farkon cirewa kuma ƙarshen mayarwa, don kada sufanarka ta taɓa ƙarfen mota ta yi tartsatsi. Ka jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi ka wanke kawunan, kanwa tana kashe asid. Ka goge da samfefa har ƙarfen ya yi haske, ka ɗaure tamau. Sannan ka bi baƙar wayar nan mai kauri har inda aka ɗaure ta a jikin mota, ka duba ita ma. Wallahi motoci da yawa da aka turo mini gareji, iyakar aikin da na yi musu ke nan. In kuwa fitila ta tsaya da haskenta tar, inji bai motsa ba, to sai a fara zargin kik ko makulli.

Ina roƙon kowane mai mota ya sayi ƙaramar mitar awon wuta, irin ta masu gyaran rediyo, ba ta da tsada. Batir mai lafiya, mota a kashe, zai nuna bolt 12.6 a mitar. In ka ga 12.2 ya sha rabi. Ka tayar da inji ka sake aunawa: daga 13.8 zuwa 14.4, caja, wato abin da ke cika batir in inji na aiki, lafiyarta lau. In lambar ba ta ɗaga ba, duba fambel, bel ɗin da ke juya cajar, ko ya saki kafin ka taɓa ta. Kuma don Allah a daina cire kan batir inji na aiki wai don a gwada caja. Tsohuwar dabara ce ta zamanin da mota ba ta da kwamfuta. A motar da ke da injekta, wutar na iya yin tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar, kuma kuɗinta ya ninka na mitar nan sau da yawa.

In inji na juyawa garau amma bai kama ba, to ko mai bai zo ba, ko wuta ba ta kai fulogi ba. Mai injekta, in ka buɗe makulli ba ka tayar ba, za ka ji famfon mai ya yi ɗan zuuu na daƙiƙa biyu ko uku. In shiru, duba fiyus tukuna. Fiyus ɗin da ya ƙone a sa masa irinsa, mai lamba ɗaya da shi. Wanda ya naɗa waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa, ya cire mai gadin motarsa ne, kuma ku tuna tankin fetur na nan kusa da ku. Sai matatar mai. Duk wanda ke shan man jarka a wajen 'yan bumburutu, ya riƙa canza ta da wuri, ya kuma ajiye sabuwa a cikin mota.

Fulogi kuwa, shi ne mai ba da labarin cikin inji. Uku ne kawai, ka kwance su ka jera a kan tsumma yadda suke a jere. Bakin da ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Wanda ya yi baƙi a bushe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sai ka buɗe matatar iska, a lokacin hunturu za ka tarar da ita ta toshe da ƙura. Wanda ya jiƙe da baƙin mai, ciwon ya shiga ciki, zancen ringi ne, zobban da ke jikin fistin, wannan na gareji ne. Wanda ya yi fari fat, injin na cin wuta da zafi fiye da kima, kar ka yi wasa da shi.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna, zafin inji. Nan ne motocin nan ke mutuwa.

Bara waccan, wani yaro da ubansa abokina ne ya kira ni daga hanyar Bichi da rana tsaka. Na je na same shi zaune a gefen titi, ya naɗe hannunsa da rigarsa. Allurar zafi ta hau, ya tsaya, ya buɗe marfin lagireto nan take. Ruwa ya yi tsiri ya wanke masa hannu tun daga yatsu har gwiwa, fata ta saɓule. Da zafin ciwon da tsoron mai mota, ya sa aka sayo ruwan leda mai sanyi aka ɗura. Da na zaro sandar awon baƙin mai, sai na ga man ya koma kamar shayi da madara. Gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da jikin inji tana raba ruwa da mai, ya tafi, kan silinda ya lanƙwashe. Da muka bi sawun abin, robar marfin lagireto ce ta tsage tun farko. Abin da bai kai kuɗin buhun gawayi ba ya jawo aikin sati guda, ya bar yaro da tabo har yau. Na daɗe ina jin ciwon wannan a raina, shi ya sa nake son ku fahimci aikin marfin nan.

Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. Marfin lagireto yana da sifirin da ke danne ruwan, kun ga lambar da aka rubuta a kansa, 0.9 ko 1.1. Wannan dannewar ce ke sa ruwa ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Ranar da robar ta tsage ko sifirin ya mutu, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana ficewa, kai kana ta ƙarawa kana cewa motar na shan ruwa. Kuma shi ya sa in ka buɗe da zafi, ruwan da aka danne yake tashi gaba ɗaya a fuskarka. In allura ta hau, ka sauka gefe, ka kashe, ka ba ta aƙalla rabin awa. Ka matsa babban tiyo da tsumma, in yana da tauri kar ka buɗe. Kan silinda na alminiyam ne, in ka zuba masa ruwan sanyi yana da zafi zai murɗe ko ya tsage.

Sai maganar tamostat, kuma na san a nan wasu abokan sana'ata ba za su ji daɗina ba. Al'ada ce a garejinmu, mota na zuwa daga Kwatano a cire shi a jefar, a ce na ƙasar sanyi ne. Ni ban yarda ba. Ɗan bawul ne da ke rufe hanyar ruwa har inji ya ɗumama, ya buɗe a wajen digiri 82. In ka cire shi, da asuba injin zai daɗe yana aiki da sanyi, ya sha mai, ya ci ringi. Mai injekta kuma kwamfuta za ta ɗauka inji bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara fetur. A wasu injinan ma shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya shiga lagireto ba, in babu shi ruwan zafi ya riƙa komawa inji kai tsaye. In kana zarginsa, gwajinsa a gida ake yi: ka jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, kafin ruwan ya tafasa za ka ga ya buɗe baki. In bai buɗe ba, sayi sabo ka sa.

Ruwan da kuke zubawa ma abin dubawa ne. Ku leƙa cikin butar shayin gidanku ku ga farin dutsen da ruwan rijiya ke bari. Haka yake yi a cikin siraran bututun lagireto har ya toshe su. Ruwan kulan, mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa, a yi haƙuri a saya. Kuma bayan ka zubar da ruwa ka sake cikawa, iska na maƙalewa a ciki, musamman a samfurin da lagireto ke nesa da inji. Ka faka hancin motar a tudu, marfi a buɗe tun injin na da sanyi, ka tayar ka bar ta tana aiki kana ƙara ruwa a hankali har kumfa ta daina fitowa kuma fanka ta tashi. In kumfar ta ƙi ƙarewa, tana ta ɓulɓulowa, ga farin hayaƙi a salansa, to gasket ne, kai ta gareji.

Akwai inda nake so hannunku ya tsaya, don ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Birki da sitiyari, in ba a koya maka a gaban malami ba, kar ka koya a kan motar da za ta ɗauki mutane. Yawancin motocin nan da sitiyari a dama suka zo, aka mayar da shi hagu a nan, tunda ƙasarmu ta koma tuƙin hannun dama a 1972. Wani juyin an yi shi da kyau, wani kuwa walda ce kawai. Ka sa wanda ya sani ya duba maka. Kuma kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. A sa katako mai kauri, a tokare taya da dutse.

Na'am, Alhaji, ina jin ka.

Alhaji yana tambaya ne kan bel ɗin tayimin, bel mai haƙora da ke daidaita motsin bawul da fistin a cikin inji, ya ce bai san yaushe aka canza na motarsa ba. Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ka fara sanin injinka. Carry mai injin F6A bel gare ta, mai K6A sarƙa ce. Hijet mai injin EF ita ma bel ce. Ƙa'idar da aka saba, a canza bel a kilomita 100,000, kuma a Japan sukan liƙa 'yar takarda a kusa da inji ko jikin ƙofa su rubuta kilomitar da aka canza. Ka neme ta. In ba ka gan ta ba, ka ɗauka ba a taɓa canzawa ba, ka kai a canza maka tare da boris ɗin da ke ɗame shi da famfon ruwa, tunda aikin kwancewar ɗaya ne. Ba ya ba da sanarwa kafin ya tsinke, kuma in ya tsinke a guje yana iya haɗa fistin da bawul. In za ka saya a Ƙofar Ruwa, tafi da tsohon a hannunka a ƙirga haƙoransa a gabanka.

Shugaba, na ji an fara kiran la'asar. Bayan sallah, duk wanda motarsa ke nan waje kuma ta huce, ya ɗago kujera mu duba marfin lagireto da kan batir tare, na zo da mitata. Wassalamu alaikum.