Ruwan Khal da Auduga: Lacca Kan Sankarar Bakin Mahaifa a Tailan

To jama'a, abubuwa uku zan kawo muku, in lokaci ya yarda.

Na farko, ƙwayar HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma mafi yawan mata jikinsu kan kore ta cikin shekara biyu ba su ma sani ba. Wadda ta maƙale ita ce matsala. Nau'i na 16 da na 18 su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara, kuma a Tailan ana yawan ganin 52 da 58. Daga kamuwa zuwa sankara, shekara 15 zuwa 20. Ga mai HIV wadda garkuwarta ta yi rauni, 5 zuwa 10.

Na biyu, nan ne raina yake so. Lardin Roi Et, arewa maso gabashin ƙasar, shekarar 2000. Manoman shinkafa ne. A yi wa mace gwajin Pap, wato a gogo samfur daga bakin mahaifa a kai ɗakin bincike, a ce ta dawo bayan makonni ta karɓi sakamako. Ga shuka, ga yara, ina za ta dawo? Sai aka koya wa nas-nas aikin zama ɗaya. Ruwan khal, e, na kicin ɗin nan, mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5. Hajiya kina dariya, kada dai ki je gida ki gwada! A buɗe da na'ura, a haska fitila, a shafa da auduga a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya. Cikakke, ku rubuta, cikakke. Mai gaggawa sai abin ya wuce ta. Wurin da ya fara lalacewa zai yi fari fat, da iyaka a fili. Nan take a daskarar da shi da iskar gas: minti 3 sanyi, minti 5 hutu, minti 3 kuma. Ta koma gida ranar.

Amma fa kumburi ma yakan yi fari, sai a yi wa lafiyayya magani. Macen da al'ada ta ɗauke mata kuwa, wurin ya janye ciki, ido ba ya kaiwa. In farin ya mamaye fiye da kashi uku cikin huɗu, ko ya shige ciki, babban asibiti za a tura ta. Kuma a gaya mata ruwa zai yi ta fita har wata guda, maigida ya yi haƙuri sati huɗu. In ba a faɗa ba, rigima ce.

Na huɗu... na uku ne? To. Allurar rigakafin HPV: a Tailan tun 2017 suke yi wa 'yan mata 'yan aji biyar na firamare. Daga baya gwajin ƙwayar kanta ya shigo, har mace kan ɗauki samfur da hannunta.

Na'am Malam? Mu nan fa? Najeriya ta fara a Oktoban 2023, allura ɗaya, 'yan shekara 9 zuwa 14. Me ya sa ƙanana? Domin allurar ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga, tarewa take yi. Matar gida kuma, gwaji ne nata. A miƙa wa baiwar Allah can baya makirufo.