Kantun Riɗi: Tsarabar Sallah Mai Sauƙin Kuɗi

Assalamu alaikum, uwargida da amarya, barkanmu da warhaka.

Sallah ta ƙarato, kuma kowa ya san halin da kasuwa take ciki. Gidan surukai ana jiran kwano, maƙwabta ma haka, ga yaran da za su cika tsakar gida suna barka da Sallah. In kika ce kowa cincin da tuwon madara za ki kai masa, kuɗin fulawa, bota, ƙwai, madarar gari da man suya kaɗai sun isa su karya miki lissafi. To yau kantun riɗi za mu yi. Kayansa uku ne: riɗi, sukari da rabin lemun tsami. Mai kuwa sai ɗan wanda za ki shafa wa faranti.

Riɗi ɗan gida ne. Ana nomansa sosai a Jigawa, Nasarawa da Binuwai, kuma daga kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau ake lodinsa buhu-buhu zuwa ƙasashen waje. Wanda muke saya a mudu yakan zo da yashi, don haka ki wanke shi, ki rege shi kamar yadda kike rege gero. Kada ki yi ganda a nan. Ba abin da ke zubar da mutuncin kantu kamar surukarki ta tauna ta ji tsakuwa. Ki shanya shi ya bushe sarai, sannan ki zuba a busasshen kasko kan wuta kaɗan, kina juyawa. Kin ji ya fara ƙas-ƙas yana tsalle, ƙamshi ya tashi? Ya yi. Juye shi a tire nan take, domin zafin kaskon zai ci gaba da ƙona shi ko an sauke.

Yanzu kafin ki taɓa sukari, shafa wa faranti mai, ki shafa wa jikin kwalba, ki ajiye wuƙa kusa. Da zarar an fara, babu lokacin neman komai.

Duk aikin yana wajen sukari. Gwangwani 2 na riɗi, gwangwani 1 na sukari. Zuba sukarin a tukunya mai kaurin gindi, ki sa ruwa cokali 4, ki matse lemun tsamin. Juya har ya narke, amma da ya fara tafasa ki cire cokali ki bar shi. Dalili kuwa, narkakken sukari kullum neman hanyar komawa tsaba yake, kuma juyawa ce ke ba shi hanyar. Sai ki ga ya yi fari ya dunƙule kamar yashi. Tsamin lemun shi ke raba wani ɓangare na sukarin gida biyu, ya hana shi sake haɗuwa. Shi ya sa masu alkaki da dubulan ma ba sa dafa ruwan sukari ba tare da lemun tsami ko tsamiya ba.

Ta yaya za ki san ya nuna? Ga kofin ruwan sanyi. Ɗiga kaɗan a ciki, ki ciro da yatsa. In yana lanƙwasuwa kamar cingam, da saura. Kantun da aka yi da shi manne haƙori zai yi. In ya karye ƙaras, shi ke nan. A ma'auni, zafinsa ya kai wajen digiri 150 ke nan, alhali tafasasshen ruwa a 100 yake tsayawa. Don Allah a kori yara daga madafi. In ya ɗiga wa mutum, a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na kusan minti 20, ban da shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai.

Launin da muke so shi ne na zuma. In ya wuce ya yi duhu yana hayaƙi, ɗaci ya shiga, kuma ba ya gyaruwa. Gara asarar gwangwanin sukari da a haɗa da riɗin.

Sauke tukunyar, juye riɗin gaba ɗaya, ki gauraya da sauri. Ga shi ya kama jikinsa. Zuba a farantin, ki murza da kwalbar har ya baje, ki yanka tun da ɗuminsa. In ya huce ba ya yankuwa, sai dai ya farfashe.

Da wannan ruwan sukarin za ki iya yin na gyaɗa. Sai dai ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta motse ki zubar, saboda gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa suya ba ta kashe ta. Kwakumeti ma yana da arha, amma kwakwa na da danshi, ba ta jimawa kamar riɗi. Ni dai ba na sa shi a tsarabar da za ta yi tafiya mai nisa.

Saura ƙulli. Sukari na jan danshin iska, don haka ki bari ya huce gaba ɗaya kafin ki rufe, in ba haka ba gumi zai yi a leda ya narke. Kwalaben bama da kika tara, ki wanke su su bushe ƙarau, sun fi leda riƙe shi. Kada ki sa a firij. Sallah tana matsowa baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, to in ta faɗo da damina, ki yi shi ana jibi Sallah, ki rufe ruf. Da rani kuwa ko mako guda kafin nan kika yi ba abin da zai same shi.

Na yara ki yanka ƙanana, guda biyar-biyar a farar leda, zai auku. Na su Hajiya da Baba kuwa ki ware, ki murza shi falan-falan sosai kafin ki yanka, saboda haƙori.