Lacca: Abin da lakar ƙasan tafki take faɗa game da tsohon yanayin Artik da Antatika

Assalamu alaikum. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka bar harkokinku kuka zo. Yau a kan laka za mu yi magana, wadda take kwance a ƙasan tafkunan Artik da Antatika, wato yankunan ƙanƙara na ƙarshen arewa da ƙarshen kudancin duniya, kuma na kasa bayanin kashi huɗu: yadda lakar take taruwa, yadda ake gane shekarunta, abin da ake tsinta a cikinta, sannan abin da ta gaya mana.

Na farko. Ma'aunin zafi baƙo ne a waɗannan wurare, domin a yawancin Antatika sai wajen 1957 aka fara ajiye lissafin yanayi a kai a kai. Wanda yake son sanin yadda bazara take shekara dubu goma da suka wuce, dole ya nemi wata shaida. Ƙanƙara shaida ce babba, wadda aka haƙo a Dome C, wani wuri a cikin Antatika, ta kai shekara 800,000, amma irin wannan tsohuwar ƙanƙara ba ko'ina take ba, alhali tafkuna dubbai ne a warwatse. Idan gajeriyar bazara ta zo, ruwan narkakkiyar ƙanƙara yakan kwaso yashi ya zuba a tafki. Idan hunturu ya rufe saman ruwa, sai lallausan yumɓu ya sauka a hankali ya kwanta a kai. A wasu tafkunan, waɗannan shimfiɗu biyu, mai haske da mai duhu, su ne shekara guda, ana ƙirga su kamar zobban kututturen itace. Masanin ƙasa ɗan Suwidin, Gerard De Geer, shi ya kafa wannan ƙirga a farkon ƙarni na 20.

Na biyu, shekaru, kuma ba zan daɗe a nan ba. Inda shimfiɗu ba su fito ba, ana auna kabon-14 a guntun ganye ko gansakuka, wanda rabinsa yake ƙarewa duk shekara 5,730, saboda haka ba ya wuce kusan shekara 50,000. A saman laka akwai alamar siziyom-137 daga gwajin makaman nukiliya, wadda ta kai ƙololuwa a 1963. Ga kuma tokar duwatsu masu aman wuta, da juyawar maganaɗisun duniya, wadda ta ƙarshenta ta auku kusan shekara 780,000 da suka wuce.

Yanzu ga abin da ya fi jan hankalina. Akwai wasu ƙananan ƙwari masu kama da sauro da suke tashi gungu-gungu a bakin tafki. Ku kwantar da hankalinku, waɗannan ba sa cizo. (Dariya.) Tsutsarsu a cikin lakar ƙasan tafki take rayuwa, tana saɓa sau da yawa kafin ta zama ƙwaro mai fiffike, kuma duk saɓar da ta yi takan bar ƙoƙon kanta. Jikin yakan ruɓe, amma ƙoƙon kan yana da tauri, yakan zauna shekara dubu ɗari bai lalace ba. Mai bincike yakan yanki laka kamar cikin ƙaramin cokali, ya wanke ta a rariya mai ƙananan idanu ƙwarai, ya zuba abin da ya rage a faranti, ya zauna gaban na'urar ƙara girman abu da ɗan siririn hantsaki, yana tsintar kawunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai kai milimita ɗaya ba. Sannan ya dubi jerin haƙoran da suke ƙasan bakin, domin da siffar haƙoran ake gane jinsi: wannan mai haƙori ɗaya faffaɗa a tsakiya ne, wancan mai biyu ne. Aiki ne na haƙuri, kuma ina girmama masu yinsa.

To, yaya kan tsutsa zai zama ma'aunin zafi? Ku biyo ni da kyau, musamman ku ɗalibai da ke baya. Kowane jinsi yana da zafin da yake so. Sai masana su zagaya tafkuna masu yawa na yau, daga masu ɗumi a kudu har zuwa masu tsananin sanyi a arewa, su rubuta jinsin da ke cikin kowanne tare da zafin watan Yuli na wurin. Idan suka koma kan tsohuwar laka suka tarar da taron jinsunan da a yau sai a wuri mai digiri 10 ake samunsu, sun sami hujjar cewa bazarar wancan zamani ta kusa haka. Ba a ɗaukar wannan ido rufe, domin zurfin tafki da yawan iskar shaƙa a ruwa su ma suna sauya jinsunan, shi ya sa ake gwada sakamakon da ƙurar furanni da ragowar ƙwayoyin gansakukar ruwa.

A tsibirin Bafin na Kanada akwai ƙaramin tafki da ake kira CF8, wanda lakarsa ta kai kusan shekara 200,000. Ƙanƙara ta hau kansa ta sauka fiye da sau ɗaya, amma da yake ta daskare ta manne da ƙasa, ba ta kankare lakar ba. Masaniya Yarrow Axford da abokan aikinta sun nuna cewa jinsunan masu son sanyi, waɗanda suka daɗe suna da yawa a tafkin, sun ragu ƙwarai tun daga wajen 1950. A arewa maso yammacin Girinlan kuma, kawunan nan sun nuna cewa kusan shekara 125,000 da suka wuce, zafin Yuli ya ɗara na yau da digiri 5.5 zuwa 8.5. Ina so ku riƙe wannan: kan tsutsa ne ya ba da wannan labari, kan tsutsa!

Na uku... a'a, mun riga mun shiga na huɗu, kuma na ga shugaban zama yana duba agogo. Ba zan sauka ban ambaci tafkin Elgigitgin na arewa maso gabashin Rasha ba. Dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya shekara miliyan 3.6 da suka wuce ya haƙa ramin, kuma manyan ƙanƙara ba su taɓa share shi ba. A 2009 masana daga Rasha da Jamus da Amurka da Ostiriya suka ƙara wa ƙanƙarar saman tafkin kauri don ta ɗauki injin haƙa, suka ciro laka mai tsawon mita 318. Ƙasan lakar cike yake da ƙurar furannin itatuwan daji, a wurin da yau ba bishiya, kuma bazarar lokacin ta fi ta yau zafi da kusan digiri 8, alhali iskar kabon a sama ba ta yi nisa da adadin da muka kai a zamaninmu ba.

(Tambaya daga zaure: Malam, duk misalanka na arewa ne. Antatika fa, inda ba itace, me ake karantawa?)

Madalla da wannan tambaya, 'yar'uwa. Tafkunan da ke buɗewa a can kaɗan ne, a gefen nahiyar da tsibiranta, kuma ƙurar furanni ba ta da yawa, don haka ake dogara da ƙwayoyin gansakuka, waɗanda suke nuna gishirin ruwa da daɗewar ƙanƙara a samansa. Akwai kuma kashin tsuntsayen fengwin. A tsibirin Ardley ruwa yana wanke kashinsu zuwa tafki, ya bar sinadarai irin su fosforas a laka, kuma daga yawansu aka bi tarihin garken har kusan shekara 7,000. Binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa sau uku garken ya kusa ƙarewa, kuma kowane karo ya zo daidai da shimfiɗar toka daga dutse mai aman wuta na tsibirin Deception, sannan farfaɗowa takan ɗauki ɗaruruwan shekaru. Sai dai ga wahalar aikin: tsuntsun daga teku yake ci, kabon ɗin tekun kudu kuwa tsoho ne, har dabbar da ta mutu jiya takan nuna shekara fiye da dubu a awo. Saboda haka mai bincike yakan nemi guntun gansakukar tudu a shimfiɗar ya auna shi, ko ya dogara da tokar. Wanda yake da wata tambaya ya same ni bayan an tashi. Na gode.