Yadda Za Ka Sa ESLint Ya Bi Dokar Da Ka Rubuta Da Hannunka

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu rubuta manhaja. Ina magana ne daga wani ƙauye kusa da Auyo a Jigawa, inda muke gina ƙaramar manhaja ga ƙungiyar manoman shinkafa, wadda ke riƙe lissafin bashin taki da buhunan da kowa ya kawo.

Kuɗi ne suka ba mu wahala. Wani ya rubuta naira, wani ya rubuta kobo, kuma dukansu suna ɗaya aka ba su a cikin manhajar: "kudi". Naira ɗaya kobo 100 ce, to ku duba irin zaluncin da zai faɗa kan manomi idan aka cakuɗa su. Mun yi ta jan kunnen juna, ana mantawa. Sai muka ɗora wa ESLint aikin.

ESLint, wanda Nicholas Zakas ya fitar a 2013, yana karanta abin da ka rubuta da JavaScript, harshen rubuta manhaja, ba tare da ya kunna shi ba, ya nuna maka inda ka kauce. Yana da dokokinsa, amma bai san naira da kobo ba. Kai za ka koya masa.

Buɗe sabon fayil, ka kira shi kudi-da-awo.js. Ciki akwai meta, inda za ka bayyana dokar, da create, inda aikin yake. A create ɗin ka ce masa ya tsaya a kowane VariableDeclarator, wato duk inda aka raɗa wa wani abu suna. In sunan ya fara da "kudi" bai ƙare da Naira ko Kobo ba, context.report ya ɗaga murya.

Wajen haɗa dokar da ESLint ne mutane ke tuntuɓe. Tsofaffin bidiyo za su nuna maka .eslintrc, tsohon fayil ɗin saiti, da --rulesdir, mai nuna inda dokokinka suke, amma tun fitowar ESLint 9 a 2024, eslint.config.js ne gidan saiti, kuma --rulesdir ba ya aiki da shi. Ka shigo da fayil ɗinka can, ka sa shi ƙarƙashin plugins da suna, mu "gida" muka sa. Sannan a rules ka rubuta gida/kudi-da-awo, ka ba shi "error". Akwai "warn", amma a harkar kuɗin jama'a ban yarda da gargaɗi kawai ba.

Yanzu buga npx eslint, ka bar fili, ka sa ɗigo a ƙarshe. Ko sabis ya ɗauke zai yi aiki, in dai ka riga ka sauke shi. Ga shi ya kama "kudi" a layi na 14. Mu je mu mayar da shi kudiKobo.