Ɗan TP: Yana Riƙe da Aji, Aljihunsa Ba Ko Sisi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da suka halarta, 'yan'uwana malamai, da ku 'ya'yanmu ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Na daɗe ina fita duba ɗaliban NCE, wato masu karatun shaidar malanta a kwalejin ilimi, lokacin koyarwar gwaji, wadda yaran ke kira TP. A shekara ukun karatun nan, akwai zangon da ake tura ɗalibi wata makaranta ya riƙe alli da kansa. Babu mai ja da amfaninsa. Tambayata ita ce, wa ke ɗaukar nauyin zangon?

Wata rana na isa wata firamare ta ƙauye da hantsi. Na tarar da ɗalibata a gaban allo, ƙura har idon sawu, tana koyar da sassan tsiro. Ta zana saiwa da ganye a kwali biyu, zane mai kyau. Da aka fita tara na ce, “Ke kuwa ina furen? Darasin nan kwali uku yake so.” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Malam, na ukun shi ne kuɗin mashin ɗina na ranar Alhamis.” Wallahi takardar ba da maki na hannuna, na rasa abin da zan rubuta.

Ku lissafa tare da ni. Ta biya kuɗin rajista cif, kamar tana kwaleji. Ta sayi kwali da maka da littafin tsara darasi, ta ɗinka kayan da za ta shiga aji da mutunci. Kullum mashin zuwa da dawowa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kun san yadda kuɗin hawa ya koma. Sannan ɗinkin hular da take rufa wa kanta asiri da shi ya tsaya, don rana ta tafi a aji, dare ya tafi a rubutun darasi.

Abin da ke ba ni kunya shi ne, ni mai albashi, asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu yana da kaso na musamman don alawus ɗin malaman da ke fita dubawa. Ɗalibin fasaha da ya je SIWES, wato koyon aiki a masana'antu, ko yaya dai, hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta tanadar masa ɗan abu. Ɗan TP kuwa sai dai “Allah ya ba da lada.” A bikin Ranar Malamai ta Duniya na Oktoban 2021, ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya sanar da alawus na naira 50,000 kowane zango ga ɗaliban NCE, da 75,000 ga masu karatun digirin ilimi. Mun tafa. Ni dai har yau ɗalibina ko ɗaya bai nuna mini shigowarsa ba. Wani zai ce ai ga NELFUND, asusun ba ɗalibai rance. To, wannan bashi ne, ranar biya na nan tafe.

Hedimastoci kuwa, Allah ya huci zuciyarku, kuna murna da zuwan 'yan TP saboda ƙarancin malamai. Sai a ɗora wa yaro aji uku, mai ajin ya koma gindin bishiya. Daga nan ne wayo ke farawa: ɗalibi ya nemi a tura shi makarantar bayan gidansu, ko ya riƙa ɓullowa ranar da ya ji malam zai zo kawai. Mu ce ya lalace, alhali kuɗin mota ne ya ƙare.

Na ga mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Roƙona ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi da kwamitocin kula da makarantu na SBMC da ke nan: kafin zangon baɗi, ku zauna ku yanke kuɗin mashin na mako, da abincin rana, ga duk ɗan TP da aka turo muku. Wassalamu alaikum.