Jawabin Maraba ga Baba Rabaran Farfesa, Masanin Tauhidi da Tarihin Ikilisiya, Daga Kwamitin Ikilisiyoyin Baftis Masu Sujada da Hausa

Mai girma shugaban taro, iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, mata zumunta, matasa, da babban baƙonmu Baba Farfesa, muna gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Ranka ya daɗe, barka da zuwa Kaduna, barka da hanya.

Tun da farko za mu bayyana buƙatarmu, don kada ta ɓace cikin yabo. Muna roƙonka ka jagoranci rubuta tarihin ikilisiyoyin Baftis na Arewa, kuma a fara ɗaukar muryoyin tsofaffinmu a ranin nan, kafin ruwa ya sauka hanyoyin ƙauye su yanke.

Ba sai mun gabatar da kai ba. Kowa a nan ya san ka fito daga makarantar tauhidi ta Ogbomosho, ka zarce jami'a har ka sami digirin digirgir, ka koyar da tarihin ikilisiya shekara da shekaru har ka kai matsayin farfesa, kuma daga cikin fastocin da ke zaune gabanka akwai waɗanda jan alƙalaminka ya bi ta kan kundinsu, har yau suna tuna zafinsa. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne a Sabon Gari aka yanke cibiyarka, Hausar da muke yi maka wannan jawabi da ita kuwa a bakin kasuwa ka tsince ta kana yaro. Don haka ba mu nemi tafinta ba.

A littattafanka muka karanta yadda Thomas Bowen, ɗan mishan ɗin Baftis daga Amurka, ya sauka Badagry a 1850, ya isa Ogbomosho a 1855. Yadda 'yan ƙasa suka ɓalle daga hannun 'yan mishan a Legas a 1888 suka kafa majami'ar kansu. Yadda aka buɗe makarantar Ogbomosho a 1898. Da yadda ikilisiyoyi suka haɗu a Ibadan a 1914 ƙarƙashin shugabancin Fasto Mojola Agbebi. Mun haddace wannan duka, muna kuma koya wa 'ya'yanmu. Sai dai duk littafin tarihin Baftis da muka buɗe, idan ya haye kogin Kwara sai numfashinsa ya ƙare. Shafi biyu ko uku ake ba mu, a ambaci Jos da Kaduna da Zariya a jimla ɗaya, a koma Kudu.

Alhali labarinmu ba ƙarami ba ne. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu, saboda haka ba Bature ne ya fara kawo Baftis nan ba. Fatake ne Yarbawa, yawancinsu mutanen Ogbomosho, da ma'aikatan jirgin ƙasa da suka biyo dogo har ya isa Kano a 1911, su ne suka riƙa taruwa a zaurukan Sabon Gari suna sujada ba fasto, ba albashi. Da Yarabanci suke yi, wannan gaskiya ne, kuma ya sa aka daɗe ana kallon Baftis a matsayin majami'ar baƙi. Waɗanda suka sauya wannan kallo su ne masu bishara 'yan ƙasa, Gbagyi da Adara da Bajju da Hausawa da sauransu, waɗanda suka ɗauki Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka kammala a 1932 suka shiga ƙauyuka a ƙafa ko a kan keke, suna noma da safe suna koyar da karatu da yamma. Makarantar horar da fastoci ta unguwar Kawo a nan Kaduna, wadda aka kafa a 1948, ita ta yaye da yawansu. Yau jikokinsu ne suka cika wannan ɗaki, amma ka tambayi matasanmu sunan mai bisharar da ya kafa majami'ar garinsu, za ka ga ana kallon juna.

A rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000 wuta ta ci makarantar Kawo, littattafai da takardu suka tafi da ita. A ikilisiyoyin ƙauye kuwa gara da ɗigar rufi sun gama da rajistar baftisma da littattafan taron dattawa. Wasiƙun 'yan mishan suna nan a adane a Nashville ta Amurka, rahotannin Turawan mulki suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke nan Kaduna, to amma waɗannan muryar baƙo ce. Muryar kakanninmu ba ta ko'ina sai a ƙirjin 'yan tsofaffin da suka rage, wasunsu idanu sun tafi, wasu ƙwaƙwalwa ta fara rauni. Tun da kwamitin nan ya fara zama don shirya zuwanka, mun yi jana'izar biyu daga cikin waɗanda muka sa a gaba.

Shi ya sa muke maimaita roƙo, Baba. Ka turo mana ɗalibanka biyu masu neman babban digiri, waɗanda ke jin Hausa, da na'urar ɗaukar murya, su zaga ikilisiyoyinmu ƙarƙashin kulawarka. Masauki da abinci da babur ɗin kai su ƙauye, mu muka ɗauka. Mata zumunta sun riga sun yi alkawarin hatsi. Abin da ba mu da shi shi ne ƙwarewar tantance labarin baka da auna shi da takarda, da kuma sunan da zai sa a karɓi littafin a Ogbomosho da jami'o'i. Idan an kammala, muna so ya fito da Hausa tare da Turanci a lokaci ɗaya, don matan da suka ɗebo ruwan ginin majami'un nan su ji labarinsu da kunnensu.

Akwai ƙananan buƙatu: kwafin littattafanka don ɗakin karatunmu, da bita ta kwana uku ga sakatarorin ikilisiya kan adana takardu. Idan sun yi yawa, a jingine su, a bar mana babbar buƙatar ta rubuta tarihi.

Ga babbar riga da hula daga ikilisiyoyinmu, Allah ya sa ta yi maka daidai. A cikin aljihunta akwai ambulan mai ɗauke da sunayen tsofaffin da garuruwansu, mun jera su bisa shekaru, mafi tsufa a sama. Muna fatan jin ranar da ɗaliban za su iso kafin ka tashi daga wannan kujera.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya mai da kai gida lafiya.

Sa hannu: Shugaba da Sakatare, a madadin Kwamitin Shirya Taro.