Daga Pittsburgh zuwa Washington a kan keke: yadda ake shirya wa hanyar burji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau za mu shirya keke ne don hanyar nan da kuke ta tambayata, wadda ke ɗauko mutum daga Pittsburgh ta dire shi a Washington, babban birnin Amurka, kusan ba tare da ya goga kafaɗa da mota ba. Ɗan'uwa, matso da kyamarar kusa da taswirar nan. Yawwa, haka.

Hanya biyu ce aka haɗa baki. Ta farko sunanta Great Allegheny Passage, masu keke suna ce mata GAP kawai. Mil 150 ce, wajen kilomita 240, daga Pittsburgh zuwa garin Cumberland a jihar Maryland. Tsohon layin dogo ne aka cire ƙarafunan, aka zuba niƙaƙƙen dutse aka daddaɓe, aka kammala haɗa ta a 2013. Daga Cumberland sai ka hau ta biyu, gefen kanal ɗin C&O, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jiragen ruwa, mil 184 da rabi har unguwar Georgetown da ke Washington. Wannan kuma hanyar alfadarai ce, su ne ke jan jiragen ruwa masu dakon kwal, da igiya suke jan su, tun daga ƙarni na 19 har zuwa 1924 da aka daina. To kun ga jirgin ƙasa ba ya son tudu, alfadari mai jan kaya ma haka. Shi ya sa nake gaya wa duk mai jin tsoro cewa hawa ba shi ne zai kayar da kai a hanyar nan ba. Taya ce za ta kayar da kai, ita da laka.

Don haka mu fara da tayar. Wannan tawa faɗinta milimita 40. Daga 35 zuwa 45 duk lafiya. Siririyar tayar tsere ta kwalta, a GAP za ka lallaɓa da ita, amma kana shiga C&O, inda ake da saiwoyin itace da ramuka da caɓi bayan ruwan sama, za ta gallabe ka. Ni tubles nake sa wa, ba tif a ciki, sai ruwan faci. Yadda ake ɗora ta na san kun sani, ba zan tsaya a kai ba.

Inda zan tsaya shi ne iska, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen. Mu da muka tashi da keke a gida, mun saba mai faci ya yi ta bugawa har taya ta koma kamar dutse, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ce ta yi. A kan kwalta ba laifi. A kan tsakuwa kuwa, taya mai tauri tsalle take yi a kan kowane ɗan dutse, kai kana jin kamar gudu kake, alhali ƙarfinka yana tafiya sama da ƙasa ne maimakon gaba. Kafin azahar tafin hannunka ya mutu, wuyanka ya riƙe. Lambar da kuke gani a jikin tayar nan, wannan, iyaka ce da aka ce kada a wuce. Ba ita aka ce a buga ba.

Ga gejina, abin auna iskar taya, da ma'aunin PSI nake lissafi. Mutum mai nauyin kilo 75 zuwa 80, da taya 40, tubles, ya fara da 35 a gaba, 38 a baya. In ka ɗora kaya a baya, ƙara 3 ko 4 a can. Ka kwance ɗan noti na bakin bawul, ka danna shi sau ɗaya ya yi fit, sannan ka kafa gejin. A'a, dakata, bari in juya wilin tukuna. Kun gani, bawul ɗin yana can ƙasa inda ruwan facin ya taru, in na danna a haka ruwan ne zai feso ya toshe bakin gejin. A juyo shi gefe, a ba shi ɗan lokaci ya tsiyaye. To yanzu. 44. Ta yi yawa. In sassauta kaɗan... 39... kaɗan kuma... 36. Bari in bar ta a nan.

Amma geji somin-taɓi ne, jikinka ne alƙali. Hau keken da kayanka duka, ka nemi wuri mai tsakuwa ka yi ɗan zagaye. In kana jin kakkarwa a hannu, rage 2. In ka taka saiwa ka ji rim ya daki ƙasa, ƙwal, ko ka sha kwana ka ji tayar tana lanƙwashewa a ƙarƙashinka, ka rage da yawa, mayar da 2. Haka za ka yi ta yi har ka sami taka lambar, sai ka rubuta ta a takarda ka manna a jikin famfo. Masu tif kuma, ku ɗara namu da kamar 5, don in iska ta yi ƙasa rim yana datse tif ya huda shi wuri biyu a jere. Kuma ko tubles gare ka, riƙe tif ɗaya a jaka. Kowace safiya a sake aunawa, sanyin dare yana rage iska.

Sai madigadi. Ni ina son sa, wasu ba sa so. In za ka sa, ka bar tazarar da yatsa zai shiga tsakaninsa da taya, in ba haka ba lakar C&O za ta cushe wurin wili ya ƙi juyawa. Sarƙa kuwa, ƙurar farin dutsen GAP tana cin ta. Kowace yamma goge da tsumma, ɗiga mai kaɗan, sake gogewa. Shi ke nan.

Wannan jakar da ke cikin firam, tunda na ga za ku tambaya, ni na zana ta na sa aka ɗinka min a Kano da na je gida. Tamfol ce, ruwa ba ya shiga, zif ɗin manya ne. Na taho da 'yan kaɗan, mai so ya yi min magana a ƙasan bidiyon nan, farashin ba zai gagara ba. Famfo, tif, dabino da tocila duk a ciki suke zama.

Yanzu ta ina za a fara? Ni ra'ayina daga Pittsburgh. Za ka bi kogin Monongahela ta gefen tsofaffin masana'antun ƙarfe zuwa McKeesport, nan kwalta ce. Daga nan ka kama kogin Youghiogheny, ka wuce West Newton da Connellsville, sai daji ya rufe ka. Tsakanin Connellsville da Ohiopyle zuwa Confluence, wallahi nan ne zuciyar tafiyar. Itatuwa sun haɗe ta sama, kogi yana ƙugi a ƙasa, ba ƙarar inji ko ɗaya. Kada ku yi sauri a nan. A wajen Confluence na taɓa haɗuwa da wani dattijo da jikarsa, kowa da kekensa, ya ce min mahaifinsa a layin dogon nan ya yi aiki. Muka zauna a bakin ruwa ya yi ta nuna min inda tasha take a da.

Hawa kake yi duk tsawon nan amma da ƙyar za ka lura. Bayan Meyersdale za ka kai ƙololuwa, ƙafa 2,392, inda ruwan sama ke rabuwa, wani ya nufi kogin Mississippi, wani ya gangara gabas ta Potomac. Daga nan gangara ce ta fiye da mil 20 har Cumberland. Ramin Big Savage yana nan, inda hanya ta huda dutse ta ratsa ta ciki, tsawonsa wajen kilomita guda, akwai fitilu a ciki, amma ana rufe shi da hunturu, daga wajen Disamba zuwa farkon Afrilu, kuma ba wata kewayawa mai sauƙi. A duba kafin a fito. Daga Frostburg hanya tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da layin jirgin 'yan yawon buɗe ido. Duk inda za ka tsallake ƙarfen, miƙe keken ka yanke shi a tsaye, kada ka shige shi a karkace, zai zame da kai.

A C&O, ramin Paw Paw shi ne abin shiri. Tsawonsa ƙafa 3,118, babu fitila ko ɗaya, ruwa yana ɗiga daga sama, hanyar siririya ce, kanal a gefenka. Sauka ka tura keken, tocila a hannu. In laka ta ishe ka a kusa da Hancock, akwai wata hanya mai kwalta da ke bin gefe, Western Maryland Rail Trail, ita ma ba mota, ka huta a kanta ka dawo. Sai Williamsport, sai Harpers Ferry inda Shenandoah ke zuba cikin Potomac, sai Great Falls, ka shiga gari.

Kuma ku sani saura kaɗan a mayar da gefen kanal ɗin nan titin mota. A 1954 wani alƙalin Kotun Ƙoli, William O. Douglas, ya taka shi da ƙafa tun daga wajen Cumberland har Washington tare da 'yan jarida, don su ga abin da za a rasa. A 1971 aka mayar da shi wurin tarihi na ƙasa. Albarkacin wannan muke hawa yau, don haka kada a wuce gudun mil 15 a awa da aka ƙayyade, a kuma kaɗa ƙararrawa kafin a wuce mai tafiya a ƙasa.

Wurin kwana: a C&O kusan kowane 'yan mila kaɗan akwai filin kafa tanti na masu keke da masu ƙafa, kyauta, da famfon tuƙa-tuƙa. Ruwan famfon ni tace shi nake yi kafin in sha, alwala kam ba matsala. Abin da zan ja kunnenku a kai shi ne kaska. Dajin yankin nan akwai ƙananan kaska masu sa cutar Lyme, don haka in ka shimfiɗa sallaya a ciyawa, ko ka shiga daji, duba ƙafafu da bayan gwiwa da hammata kafin ka kwanta.

Mai matsakaicin ƙarfi ya ware kwana 6 ko 7. Komawa kuma akwai jirgin ƙasa na Amtrak tsakanin Washington da Pittsburgh, yana tsayawa a Cumberland, amma gurbin keke kaɗan ne, a kama shi tun lokacin yankan tikiti. Ɗan'uwa, miƙo min famfon can in daidaita ta bayan. A bidiyo na gaba za mu ɗaure kayan a kan keken ɗaya bayan ɗaya. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.